Ramin da Ke Ƙarƙashin Randa

Zuwa ga Yayata Fayza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da Yaya Gabir da yara, Allah ya sa sanyin Iskandariya bai tayar miki da ciwon gwiwar nan ba. Mu a Esna lafiya muke, kuma sai yanzu na san nauyin wannan kalma. Inna na nan da ƙarfinta, tana ta mitar ba ki aiko da hoton jaririn ba.

Yaya, komai ya soma ne ranar da nake yankan lalo a tsakar gida, randarmu ta nutse cikin ƙasa har wuya. Da mijina Ragab ya janye ta ya haska ramin, sai ga dutse da sassaƙen kan rago, irin na jikin birba, ɗakin bautar mutanen Fir'auna da ke cikin kwari bayan kasuwa. Yayansa Shahat ya sa aka kulle ƙofa, ya ce inda aka ga rago akwai zinariya, kowa ya kama bakinsa. Kin san ni da littattafaina. Kafin lalo ya dahu na riga na hango kaina da kuɗin zinariyar a bene kusa da naki, ina kallon teku. Da Ragab ya yi nauyin jikin haƙa ramin na tsokane shi, na ce jaruman littattafaina ba sa tsoron rami. Ya ce ai su na takarda ne, ba sa buƙatar numfashi. Duk da haka ya ɗauki shebur.

Suna haƙa ruwan Nilu na tsattsafowa, har ranar da bangon ramin ya rufta wa Ragab zuwa ƙirji. Shahat ya ce kada in yi ihu, in maƙwabta suka ji sai kurkuku, don haƙar kayan tarihi a ɓoye laifi ne. Na dubi fuskar Ragab, na zare sakata na fita titi ko mayafi babu. Baba Nubi mai burodi da ’ya’yansa ne suka tono shi da hannu. Ƙafarsa ta karye, an ɗora, yana kwance yana yi mini tsiya wai ga jarumi na samu. Alhamdulillahi.

Jiya na sauka birba ni kaɗai. Na daɗe ina kallon ginshiƙan nan masu kawuna kamar damin furanni, da rufin da masu gyara ke goge wa baƙin hayaƙi da ɗan ƙullin auduga, shuɗi da ja suna fitowa kamar jiya aka shafa. Ba mai gaggawa a cikinsu. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Inna.

Shahat ya ce da ruwa ya ja za a koma haƙa, kuma Malama mai littafi, wato ni, ta tsaya a kicin. Ragab ya amsa masa cewa gidan rabonsa ne shi Ragab, kuma ni da shi bakinmu ɗaya, ba sauran haƙa. Mun san in hukuma ta ji mai yiwuwa a tashe mu daga gidan, ga itacen lemon da na shuka bai ko yi ’ya’ya ba.

Ki gaida Yaya Gabir, da Gwaggo Nabawiyya, ki sumbaci Marwan da jariri. Gobe, in Allah ya kai mu, zan je ofishin masu kula da kayan tarihi in faɗa musu abin da ke ƙarƙashin randata.

Ƙanwarki mai kewarki,
Intisar