Bidiyon Ƙafar Tebur

Zuwa ga Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ka sani raina a ɓace yake. Ka zo hutu, ka cire tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin talabijin, wadda duk hotuna da bidiyon gidan nan suke cikinta, ka dasa mana sabuwa mai ƙyalli, ka kama gabanka. Ka ce ka kwashe komai zuwa sabon faifai. To malam injiniya, da sauran aiki. Akwai bidiyon da Umma take kunnawa kullum bayan ta karya, na bi folda-folda babu shi. Ta hana ni sakat, jiya ko abinci ba ta taɓa ba. Ga kuma rimot ɗinka mai maɓallai kamar na jirgin sama.

Ka huta lafiya.
Yayarka

Yaya,

Wa alaikumus salam. A gaishe mini da Umma. Don Allah ki daina yi mini kallon maɓarnaci. Faifan tsohuwar nan ƙara yake yi, saura ƙiris ya mutu da komai a cikinsa. Na kwafe ranar da kika gama makaranta, da yaranki suna rarrafe, da duk inda fuskar marigayi Baba ta fito. Tarkace kawai na bari: hotuna masu duhu, da wani dogon bidiyo da ba a ganin komai sai ƙafar tebur da silifa. Ki tambaye ta sunan fayil ɗin.

Na gode.
Ƙaninki

Auta,

Gaisuwa a taƙaice. Umma zan tambaya sunan fayil? Wallahi da kana kusa da sai na murɗe maka kunne. Ƙafar teburin nan ai shi take nema. Baba ne ya ajiye kyamara a ƙasa, ya manta bai kashe ba. Ba kallo take yi ba, saurare take. Su biyu ne suna gardama a kan wa ya ɓatar da makullin ɗakin ajiya, yana tsokanarta, tana dariya. A duk sauran bidiyon da baƙi yake magana, a nan kaɗai da ita yake yi. Kar ka ce mini ka goge tsohon faifan.

Yayarka

Yaya,

Ina gaisuwa, kuma kunya ta ishe ni. Ban goge ba, a jakata yake. Na jona shi, ya yi ta ƙas-ƙas ya ƙi buɗewa. Mai gyara ya ce gwaji ɗaya zai iya jurewa. Mun gwada, rabin bidiyon ya fito, faifan ya mutu murus. Na turo rabin cikin sabuwar kwamfutar ta intanet, na sa shi a farkon allo, dannawa ɗaya ce. Ba ni da bakin kiran Umma. Ki taimaka ki faɗa mata.

Ki yafe mini.
Ƙaninki

Auta,

Salamu alaikum. Ban faɗa mata ba, kunnawa kawai na yi. Ya tsaya cak daidai inda Baba ya ce, "To ki duba jakarki mana." Umma ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ba shi amsa, ta ci gaba da ka, ta faɗi maganarsa, ta faɗi tata, har ƙarshe. Ni dai sai da na fita tsakar gida na yi kukana.

Ta ce ka zo da wayarka ka ɗauki sauran daga bakinta, tun tana iya tunawa.

Sai ka zo.
Yayarka