Gawayin Idrisa

Litinin, 3 ga Yuni
Ƙanena Idrisa ya dawo daga cin rani a Najeriya. Tsarabata buhun gawayin man fetur daga kamfanin da yake wa dako, irin na bara. Wanda aka gasa a babbar tanda, in na barbaɗa a narkakken ƙarfe, haƙoran injin niƙa sai su fito kamar na kanti. Na bana ya fi baƙi, yana maiƙo a hannu. Haka na zuba.

Alhamis, 6 ga Yuni
Ƙarfen na wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai! Duk da haka na kai wa Alhaji Illa haƙoransa Yauri, nan kusa da mu.

Asabar, 8 ga Yuni
Sun fashe. Alhaji ya zo har maƙera ya watsar da su gaban mutane, ciki duk ramuka kamar burodi. Wai mata sun koma daka a turmi, in na sake, shi da ni har abada. Ni! Da tun ubansa muke yi musu haƙora.
Gawayin ɗanye ne. Bai shiga tanda ba, mai da iska na nan cikinsa, su suka huda ƙarfen. Shekara nawa wannan sakaran yana wurin, bai san ɗanye da gasasshe ba? Ya zo wai "Yaya, tsaya ka ji." Na ce ya fice mini.

Lahadi
Ban ci tuwon gidansa ba. Na mayar.

Talata, 11 ga Yuni
Balki, matar tawa, ta ce in je in ga ƙafar Idrisa in ina da ido. Wai gasasshen ta ƙarshen tanda yake fitowa, ja wur, can ya taka ya ƙone garin tsince mini na bara. Bana aka hana shi zuwa wajen, ya ɗebo na bakin ƙofa don kada ya shigo hannu sake. To wa ya aike shi? Sai ya buɗe baki ya faɗa mana! Haushi ya ƙaru.

Alhamis, 13 ga Yuni
Na cika tukunyar ƙasa da sauran gawayin, na yaɓe bakinta, zan gasa da kaina ko zai yi. Zuga na son mutum biyu, shi ya sa kawai na aika a kira shi.
Na ga ƙafar. Na ajiye masa kujera nesa da wuta.