Jirgin Baba Ya Tashi a Szolnok

Abony, 14 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Kálmán,

Gaisuwa mai tarin yawa daga ni da duk mutanen gida. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da Edit da yara da jikoki, ya ba ka sauƙin ciwon bayan da ka ce yana damunka, ya kuma sa sanyin Hamilton na bana ya zo muku da sauƙi. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Gwiwar maigidana Dezső ta warke har ya jefar da sanda, bakin nasa ne dai har yanzu likitoci ba su samo masa magani ba. 'Yarmu Vilma ta sauka ranar uku ga wata, an samu mace, sunanta Réka. Duk wanda ya leƙa fuskarta sai ya ce hancin gidanmu ne, Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa. Inabin bayan gida ya yi 'ya'ya har muka rasa inda za mu kai shi.

To, ka tambaye ni ko bajekolin jiragen ƙasa na kwaikwayo da ake yi a Szolnok ya isa mutum irinka, mai manyan jiragen da ke zagaya lambu, ya tsallako teku dominsa baɗi. Ka ce in je in gano maka. Na je ranar Asabar, kuma zan faɗa maka gaskiya ko da ba daɗi. Tebur arba'in da wani abu na ƙirga a zauren, kusan duka na masu ƙananan jirage ne, irin waɗanda taragonsu bai wuce akwatin ashana ba. Ka ga dattawa da furfura sun duƙa da gilashin ƙara girma, suna riƙe numfashi kada atishawa ta kifar musu da tasha guda. Na masu manya kuwa tebur biyu ne kacal. Ɗaya yana sayar da taragun roba da na san kana da irinsu, ɗayan kuma bishiyoyi da shanun roba kawai ya baza. Dezső ya ce wannan ai taron ƙuma ne, shi da ya sani da ya zo da mataji. In don sayayya ce, ƙanena, ka yi zamanka.

Sai dai akwai maganar da na daɗe ina juyawa a baki, yau dole in furta ta. Ba hannu rabbana muka je ba. Ka tuna kan jirgin tururin da Baba ya ƙera da hannunsa bai ƙarasa ba, wanda ya ce naka ne, kai kuma ranar jana'izarsa ka ce mu ajiye maka sai ka aiko a ɗauka? Shekara goma sha tara yana lulluɓe da tamfal a rumfar bayan gida. Bara, bayan an yi wa Dezső aikin gwiwa, mutumin nan ya zauna bakin taga kamar tsohuwar kyanwa, ba magana, ba cin abinci, ko faɗa da ni ya daina, kuma a nan ne na tsorata. Wata rana da safe ya ce zai je ya kaɗe wa jirgin ƙura kawai. Ƙura ta zama goge tsatsa, goge tsatsa ya zama neman takardun zanen Baba, kafin in ankara ya kama gyaran tukunyar tururi yana fito. Na ga abin da yake yi, na san kayanka ne, na kuma yi shiru, domin mijina ya dawo cin kwano biyu. A watan Agusta ya gama. Laifin namu ne mu biyu, kuma nawa ya fi, tunda ni ce ke rubuta maka wasiƙa duk wata ina ba ka labarin inabi.

Da muka isa da akwatin, ni riƙe da gefe ɗaya shi da ɗaya, sai matar da ke shirya taron, wata mai suna Piroska, ta dube mu ta dubi akwatin ta tambaya ko gawa muka kawo. Da aka buɗe ta yaba ƙwarai, amma jami'in kashe gobara yana jin an ambaci kwal da ashana ya ce ko kusa, ba mai kunna wuta a cikin zauren nan, in muna so mu ɗora shi a tebur mutane su kalla. Dezső ya ce jirgin da ba ya hayaƙi ai gara a kai shi maƙabarta, ya juya ya ce in ɗauki gefena mu koma gida. Na ce masa wallahi ban karya ƙuguna daga Abony don in sha iskar ƙofar zaure ba, in zai tafi ya rungumi akwatinsa shi kaɗai. Piroska ta yi dariya, ta ce akwai tsakar gida ta baya inda mai suyar lángos, wainar fulawar nan, ya kafa kaskonsa, can wuta ba laifi ba ce.

Matsalar ita ce layin dogon da muka zo da shi miƙaƙƙe ne, taku shida kawai. Muna shimfiɗa shi sai ga wani dogon mutum daga Debrecen, Gyula, ya tsaya a kanmu ya ce shi ma an hana shi wuri, kuma yana da lanƙwasassun layuka cike da bayan mota. Can sai wata likitar haƙori daga Kecskemét ta ce tana da miƙaƙƙu goma sha biyu da taragu uku. Ashe masu manyan jirage sun fi goma a wurin, kowa yana yawo a zaure shi kaɗai da fuska a murtuke, yana zaton shi kaɗai ne maraya. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Kafin azahar mun haɗa da'ira da ta zagaye mai suyar da kaskonsa, har ya ce yanzu shi ne shugaban tasha, kowa ya yanki tikiti a wurinsa.

Dezső ya zuba kwal da ɗan cokali, ya kunna, muka jira. Tashin farko jirgin bai motsa ba, sai ya yi tari ya fesa masa ruwan zafi a wando, daidai inda bai kamata ba. Mai suya ya ce, kawu, in ba tafiya zai yi ba a ba ni shi in riƙa dafa shayi. Dezső ya ce masa ya ji da ƙullunsa da ke ƙonewa, yaron da aka haifa bayan an daina jirgin tururi ba shi da bakin magana. Ya ƙara kwal, ya ɗan murɗa wani abu, sai ƙafafun suka juya sau ɗaya, sau biyu, jirgin ya ja taragun likita ya kama hanya yana huci. Kálmán, ƙamshin nan ne sak, na rigar Baba in ya dawo daga aiki. Da ya busa usur, zauren ya watse. Masu gilashin ƙara girma suka bar tashoshinsu suka fito, har jami'in gobara ya zo da bokitin ruwa wai aiki ya kawo shi, ya ajiye bokitin ya shiga ɗaukar hoto.

Cikin taron akwai wani tsoho da sanda, ya matso ya duƙa da ƙyar ya karanta lambar da ke jikin jirgin, ya ɗago ya ce wannan ai injin Imre ne. Na ce Imre mahaifina ne. Ashe Kawu Ödön ne, wanda ya yi wa Baba zuba kwal shekara tara lokacin da yake tuƙa jirgi a hanyar Debrecen, yanzu shekararsa tamanin da takwas. Abu na farko da ya yi shi ne ya tambayi wane makaho ne ya shafa wa ƙafafun baƙin fenti, alhali ja ne, ya ce da Imre na nan da ya bi mai wannan aiki da shebur. Dezső ya sunkuyar da kai kamar ɗan makaranta. Sannan tsohon ya ce duk tashar da suka tsaya, Baba sai ya fito da zare yana auna jikin injin yana rubutawa a bayan kwalin taba. Da ya tambaye shi na mene ne, Baba ya ce yaronsa ya tafi ƙasar da ba a dawowa, shi kuwa zai ƙera masa abin da ya fi ƙarfin akwatin gidan waya, dole ya zo da ƙafarsa ya ɗauka. Ni ban taɓa jin wannan ba, na san kai ma haka.

Dezső bai ƙara ko ƙwayar kwal ba bayan nan. Ya bar jirgin ya yi zagaye biyu ya tsaya da kansa, mutane suna roƙo a sake, ya ce mai shi ba ya nan. A mota, da muka wuce gada, Dezső ya ce in rubuta maka cewa ba zai sake kunna shi ba sai kana tsaye a wurin, ya riga ya kankare baƙin fentin a ransa, jan kuma kai za ka shafa da hannunka. Ya ƙara da cewa in ka ga dama ka zage shi, amma ba a takarda ba, don shi ba ya karanta zagi sai da tabarau kuma ya ɓatar da nasa.

Piroska ta ce baɗi tsakar gidan gaba ɗaya ta masu manya ce, Gyula har ya fara rubuta sunaye. Kawu Ödön kuma ya ce in gaya wa ɗan Imre cewa shi ya yi alkawarin kaiwa Oktoba mai zuwa, amma bayan nan bai sa hannu a komai ba. Shekara goma sha ɗaya rabonka da gida, ƙanena. In fushi za ka yi da mu kana da gaskiya, ka yi shi, amma ka ɗauro shi a jaka ka kawo mana nan, ɗakinka na sama a share yake.

Ka gaishe mini da Edit ƙwarai, da Gábor da matarsa, da Noémi, da jikoki duka. Vilma da mijinta suna gaishe ku, haka ma Gwaggo Jolán, wadda ta ce in ba ka zo ba ita za ta zo, ka kuwa san ba ta wasa. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Yayarka Aranka