Hoto a Bakin Gadar Gamji

Kawo, Kaduna.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga aminiyata Serah, Maman Philomena,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, ke da Philomena da jikoki, da gwiwar nan taki mai sanar da hadari tun bai haɗu ba. Ya Makarfi, ya aikin kaka? In kin tambaye ni, lafiyata ƙalau, sai dai zaman kujera mai laushi da ya fara kashe mini baya.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran ki a waya. Kunnenki ne ya hana. Rannan da na kira ki, duk layin nan sun ji labarin akuyata, ke kaɗai ce ba ki ji ba. Shi ya sa na kakkaɓe rubutun yaƙi da jahilcin nan da kika matsa mini na koya, zan ba direban Makarfi ya kawo miki. In kin ga baƙi ya karkace, ki miƙar da shi da kanki.

To, ashe ba don hutu kawai aka ɗauko ni ba. Baban Firdausi, wancan da kika karɓi haihuwarsa da hannunki, ya samu aikin koyarwa a wata ƙasa wai ita Malesiya, kuma sai ya shekara uku bai leƙo gida ba. Shi bai faɗa mini ba, ina zai faɗa? Matarsa Ummuhani ce ta same ni ina tsinke zogale, ta zauna tana ta kewaye-kewaye, har ta sauka a kan maganar. Ta ce abu ɗaya yake so kafin ya tafi, wai ya ɗauki hoto da ni. Ta ce yana da hoto da mahaifinsa marigayi Malam, yana da hoto da ƙannensa, har da direban ofishinsu, amma ba shi da ko ɗaya da wadda ta haife shi.

Na ce da ita, “’Yar nan, zogalen nan ba zai tsinke kansa ba.”

Ke kin san mu da ɗan fari. Shekara hamsin da ɗoriya kina mini tsiya a kai. Ku ana kiran ku da sunan naku a tsakiyar kasuwa kuna amsawa har da fari da ido. Ni kuwa tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi zuwa Paki, ban taɓa kama sunansa ba, ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Shi ma Goggo yake ce mini, kamar yadda yaran gida suke faɗa. In ya zo gaishe ni, ya durƙusa a bakin ƙofa yana kallon ƙasa, ni ina kallon bango, mu gama lafiya lau. Haka na ga uwata ta yi, ba kuma don ba ta son nata ba. Yanzu da furfurata a ce in jera kafaɗa da shi, a wanke a rataye, matan Gubuchi su zo su gani?

Amma Ummuhani ba a banza ta yi boko ba. Akwai wasu samari a garin nan masu doguwar mota, sana’arsu kenan su kwashi mutane su zaga da su wuraren tarihi. Sai ta je ta yanko mana tikitin iyali, mai ragi, na Asabar biyu. Wai kuma tsofaffi rabin kuɗi ne. Kin ji, Serah, ashe akwai inda tsufa yake da riba. Firdausi, jikar nan tawa mai baki kamar rediyo, ta ce da sun san haka da tuni sun kawo ni an auna, ƙila ma kyauta za a shigar da ni, in dai ba a riƙe ni an sa a gilashi ba. Ita ce kuma ta yi suɓul da baka ta ce a cikin tikitin har da hoton iyali a duk inda aka tsaya. Nan na gane inda aka dosa.

Zan je, don ina son ganin gari. Hoton ne dai za su ga ikon Allah.

Ki ce wa Philomena ta leƙa mini masarar da na shanya a kan rufin ɗaki. Ki gaida mutanen cocinku.

Taki har kullum,
Azumi ta Gubuchi.

Kawo, Kaduna.
Ranar Litinin.

Serah aminiyata,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta iyali, takardarki ta iso, tare da ƙullin mazarƙwailar. Na gode, Allah Ya bar zumunci. Faɗan da kika cika takardar da shi ma ya iso lafiya, bai zube a hanya ba. Kin ce in tuna shekaruna, in lissafa uku a kai, in ga ko ina da tabbacin kaiwa. Na karanta wurin sau biyu, na ninke takardar na sa a ƙarƙashin filo. Ba ki iya lallashi ba, dama tun kina aikin asibiti haka kike.

Bari in ba ki labarin yawo, ya fi daɗi. Shekaranjiya Asabar muka fita. Mai yi mana bayani wani yaro ne Meshach, ɗan wajenku, siriri kamar sillen kara, ga ladabi. Tun a ƙofar mota ya karɓi jakata yana “Sannu Kaka, a hankali Kaka,” har na fara jin kamar ƙwai ce ni.

Gidan tarihi muka fara zuwa. Serah, na ga danginki! Wasu kawuna ne na yumɓu da aka tono a ƙasarku, wajen Nok, wai sun fi shekara dubu biyu. Akwai wata a cikinsu mai faɗin goshi da ido a buɗe, ta taɓe baki kamar an kawo mata mai naƙuda a makare. Na tsaya a gabanta na ce, “Maman Philomena, me ya kawo ki nan?” Har kitson irin naki ne na da. Meshach ya yi dariya har ya manta inda ya tsaya a bayaninsa.

Daga nan sai ga kayan ɗakina. Wallahi kuwa. Ƙwarya, faifai, tukunyar ƙasa, mazari da abin kaɗi, an jera su an kunna musu fitila, an hana taɓawa. Ni da nake jifan kaji da irin faifan nan. Na ji daɗi dai, ban ɓoye miki ba. Mutum ya ga abin da ya tashi da shi an mutunta shi, yara masu waya suna leƙe suna tambaya, akwai sanyi a ciki. A bayan ginin kuma akwai masu saƙa da maƙera suna aikinsu, na zauna wajen wata mai tukwane muka sha hira kamar mun saba.

Sai aka ce a taru a yi hoto a bakin ƙofa. Nan take na tuna ban yi alwala ba. Da muka je gidan Sardauna, inda aka ajiye motocinsa da hotunan mutanen da, aka sake cewa a taru, sai takalmina ya shige ƙarƙashin benci, bai fito ba sai da aka gama. A gaban majalisa mai ƙubbar nan kuwa ko sauka ban yi ba, na ce rana ta yi zafi. Firdausi ta ce, “Kaka, ke da kike shanya barkono da tsakar rana?” Na ce barkonon ai ba ya ɗaukar hoto.

Shi kuwa Baban Firdausi yana biye da mu. Duk inda muka shiga yana can baya, tazarar da ya saba bari tsakaninmu ba ta ragu ba. In na tsaya kallon abu, sai in ji ya ce wa Meshach, “A gaya wa Goggo akwai kujera a can.” Ni kuma in ce wa Meshach, “A ce an gode.” Yaron nan ya zama ɗan aike tsakanin mutum biyu da ke jin numfashin juna. Da ya gaji ya ce, “Kaka, faɗa kuka yi da Oga ne?” Na ce, “Kai dai yi ta kanka, ɗan nan.”

Abin da ya tsaya mini shi ne jiya da aka kawo hotunan. Ummuhani ta ajiye su a kan tebur ta fita, na san da gangan ne. Na ɗauka na duba. A kowanne, ga shi, ga matarsa da ’yarsa a hagunsa, a damansa kuwa ya bar fili daidai tsayuwar mutum ɗaya. Ba wanda ya ce ya bari. A na ukun ma ba mai hoton yake kallo ba, wajen motar yake kallo. Ga furfura ta fito masa a gemu, Serah. Ban san ta fito ba, don rabon da in kalli fuskarsa sosai tun yana goye.

Na mayar da su yadda na same su. Saura Asabar ɗaya, wai wurin shaƙatawa na Ƙofar Gamji a bakin kogi, daga nan sai tafiyarsa. Kada ki sake rubuto mini faɗa, wancan ma bai ƙare ba.

Ki shafa man zafi a gwiwar nan, ki daina taurin kai.

Taki,
Azumi ta Gubuchi.

Kawo, Kaduna.
Ranar Lahadi.

Zuwa ga Serah, Maman Philomena,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta yi kewar ki. Ina fata kin tashi lafiya, ya jikoki, ya hidimar bikin godiyar kaka a coci? Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba da karatu, kuma in za ki yi dariya ki shiga ɗaki, kada maƙwabta su tambaya.

Jiya muka je Gamji. Wuri ne mai itatuwa da inuwa, ga kogin Kaduna ya cika yana tafiya abinsa. Ranar ta iyalai ce, ko’ina yara, ga lilo, ga masu kiɗa, ga masu tsire. Muka shimfiɗa tabarma muka ci dambun da Ummuhani ta yi, har na ce a raina yau kam an manta da ni.

Ashe akwai wata tsohuwar gadar ƙarfe ta ƙafa a wurin, wadda Meshach ya ce Turawa ne suka kwance ta daga Zungeru suka kawo nan. Ya ce a bakinta ake hoton ƙarshe, kowa ya taso. Na duba, ba damar fakewa da alwala, don yanzu na idar da salla a gabansu. Takalmi yana ƙafata. Mota ta yi nisa. Sai dabara ta zo mini, na ce bari in haye gadar in tsaya a can tsallake kamar mai kallon tsuntsaye, har su gama.

Ke kin san ni da ruwa. Rafin bayan Gubuchi ma in ya kawo, sai in fasa cin kasuwa. Amma gudun hoto ya sa na manta. Na yi gaba abina har tsakiya, sai tsautsayi ya sa na kalli ƙasa. Ruwa yana wucewa a ƙarƙashina, sai na ga kamar shi ne a tsaye, ni da gadar muke tafiya. Jiri ya ɗebe ni. Ƙafafuna suka ƙi gaba suka ƙi baya. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu, carbina ya suɓuce ya faɗa ruwa ina kallo.

Na waiga. Ummuhani da Firdausi suna can suna naɗe tabarma, kiɗa ya hana su ji. Meshach ya duƙufa a kan abin hotonsa. Baban Firdausi kaɗai ne a bakin gadar, ya juya mini baya, don ko a nan ba zai tsaya yana kallona ba. Na ce “Kai!” bai ji ba. Na ce “Baban Firdausi!” iska ta kwashe.

Serah, sai na kira shi. Da sunansa, wanda aka raɗa masa ranar suna, da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Kin san abin da ya yi? Sai ya duba hagu, ya duba dama, yana neman mai kiran. Bai san sunansa a muryata ba. Da ya juyo ya ga ni ce, sai ya amsa “Na’am!” irin amsawar ƙaramin yaro, ya taho da gudu, babban mutum da shi, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Ya kama hannuna ya ce, “Kada ki kalli ƙasa, Inna, ni za ki kalla.” To, ya zan yi? Na kalle shi. Haka muka taho, yana ja da baya ina bin sa, har muka taka ƙasa. Idon Malam ne da shi sak, amma hancin nawa ne, duk shekarun nan ba wanda ya gaya mini.

Da muka sauka, su Ummuhani duk sun taru a bakin gadar. Firdausi da ba ta rabo da ɗaukar hoton ko da kwanon abinci, wayarta na hannu ta kasa ɗagawa. Shi kuma ya fara zare hannunsa a hankali zai koma inda ya saba tsayawa. Sai na ji ban sake shi ba. Na ce wa Meshach, “Kai ɗan nan, ba an ce kuɗin hoto yana cikin tikiti ba? Asara za mu yi?”

An ɗauka. Na fito fuska a murtuke kamar ’yar’uwarki ta gidan tarihi, ɗankwali ya karkace, shi kuma kai ba hula, yana dariya ido jawur. Guda biyu za a wanke. Ɗaya zai tafi da shi, ɗayan kuma a ɗakinki za a rataye, ba a nawa ba, in na zo shan shayi in riƙa gani. Matan Gubuchi in sun tambaya, ki ce jiri ne. Ai jirin ne.

Yau da safe ya zo gaishe ni, ya durƙusa a bakin ƙofa yadda ya saba, na kalli bango yadda na saba. Sai dai ya daɗe bai tashi ba, ni ma ban ce a sallame shi ba. Jibi jirginsu zai tashi, ni kuma ranar Laraba ina hanya in Allah Ya so. Ki sa a share mini ɗaki, ki kuma tanadi bakinki, na san ba za ki raga mini ba.

Allah Ya kai shi lafiya, Ya dawo da shi lafiya, Ya sa ina nan.

Taki har kullum,
Azumi, Maman Auwal.