Na Yi Wa Baƙi Barka Da Asuba Da La'asar

Malam mai fili, ka taimaki dattijo da shawara, abin murna ne ya zo mini da jela.

Tun ina yaron mota nake jin ana cewa wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, wanda furfura ta kama ba ya ɗaukar sabon yare. Ban taɓa yarda ba, amma ban taɓa gwadawa ba sai bana.

Ni direban bas ɗin wani otal ne. Ina ɗaukar 'yan yawon buɗe ido in kai su bakin ruwa da tsohuwar kasuwa da kan dutse, in dawo da su. A kan sitiyarin nan na tsufa. To, ido ya fara gajiya, likita ya ce tuƙi ya kusa ƙare mini. Ina shirin tattara komatsaina sai manaja ya kira ni, ya ce ba wanda ya kai ni sanin hanyar nan da labaranta, in na iya Turanci zai ba ni makirufo in zauna kujerar gaba ina yi wa baƙi bayani, wani ya ja motar. Da na fito ofis ɗin har mai gadi sai da na rungume.

Ƙanwar matata malamar Turanci ce. Na zuba mata labaran da Hausa, ta mayar da su Turanci, ta karanta mini a waya. Ni kuwa hadda ba baƙuwata ba ce. Ina wanke mota ina biyawa, ina jiran baƙi ina biyawa, har wanzami ya ce in rufe baki kada ya yanke ni.

Ranar gwajin farko na fara zubawa tun daga ƙofar otal. Baƙi na gyaɗa kai, wani tsoho har ya yi dariya daidai inda ya kamata. Ni fa, Malam, mutane daga wata uwa duniya suna gane maganata! Sai wata baiwar Allah ta ɗaga hannu ta tambayi sunan wata bishiya. Na gane tambayar sarai, bishiyar ma na sha inuwarta. Amma zaren haddar ya tsinke. Na laluba inda na tsaya, babu. Sai baki ya koma farko: na yi musu barka da asuba, na faɗi sunana, na yi musu maraba da shigowa mota, alhali la'asar ta yi, muna hanyar komawa. Suka tafa mini, sun ɗauka wasa ne.

Mako mai zuwa manaja da kansa zai shiga motar. In na faɗi, akwai mai digiri da ke jiran kujerar, ni kuma sai gida. Malamar tawa ta ce za ta rubuto amsar duk tambayar da baƙo zai iya yi, in haddace su ma. Rabin zuciyata na cewa in janye da mutuncina, rabi kuwa rawa take, don na ɗanɗana makirufon nan kuma da daɗi. Maganar busasshen iccen kuwa, wadda ta faɗa mini ita a ƙarshe maiɗakina ce, jiya, tana miƙo mini shayi tana dariya.

Naka,
Tsohon Direba

AMSA

Baba direba, barka da ƙoƙari. Kada ka janye. Wanda ya sa baƙi dariya da yaren da bai kai shekara a bakinsa ba, ai ya riga ya hau hanya.

Ƙanwar matarka ta yi maka rana, haddar nan ce ta ba ka kalmomi da ƙwarin gwiwa. Amma ƙara hadda a kan hadda ba zai fisshe ka ba. Tambayoyin baƙo ba su da iyaka, ranar da ka haddace ta bishiya zai tambaye ka ta tsuntsu.

Ka tuna yadda kake yi wa jikoki tatsuniya. In wani ya katse ka yana tambayar ina gizo ya samo igiya, ba ka komawa kan "ga ta nan ga ta nanku". Kana amsa masa ka ci gaba, domin labarin ka sani, ba jerin kalmomi ba. Haka za ka yi da Turancin. Ku yanka jawabin gunduwa-gunduwa, kowane wuri da nasa: na bakin ruwa daban, na kasuwa daban. In ka ɓace, leƙa taga, hanya za ta tuna maka inda kake.

Sannan malamar ta koya maka gajerun jimloli na neman a maimaita tambaya a hankali, da na cewa ba ka san kalmar ba amma ga bayaninta. Baƙo ya fi son gajeriyar amsa mai ɗan kuskure a kan dogon karatu da ba a iya taɓawa. Kullum ka yi gwaji a tsakar gida, ka sa mutanen gidan su riƙa katse ka da gangan. Shugabancin masu katsewar ka ba maiɗakinka, na ga alamar za ta riƙe aikin da zuciya ɗaya.

Ka kuma faɗa wa manaja abin da ya faru da bakinka, tun kafin ya ji a wurin wani, ka ce kana gyarawa. Don sanin hanya ya zaɓe ka, Turancin ƙari ne. Ba na maka alkawarin ba za ka yi tuntuɓe a gabansa ba, amma in ya ga ka miƙe ka ci gaba daga inda ka faɗi, ya ga abin da yake nema.

Allah ya buɗe baki, ya ƙara wa ido lafiya, ya bar maka kujerar gaba.