Yatsana Ba Shi Hawa Takardarka

Madawa, ranar Laraba

Zuwa ga ɗana na hwari da ke can Faransa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da addu'a, ina roƙon Allah wagga takarda ta iske ka lahiya, kai da iyalinka. Ina aiki, ina sanyin ƙasar mutane? Allah shi ƙara maka lahiya, shi tsare ka daga sharrin da ka sani da wanda ba ka sani ba. Mu nan lahiya lau muke, sai zahi. Gwiwata ta dama tana nan yadda ka san ta, in na zamna sai mun yi shawara da ita kahin in tashi. Ƙanenka Walid lahiya, matarshi Hafsa lahiya, ita ke riƙe da bik yanzu ina hwaɗi tana rubutawa, kuma na ce mata ta aje magana yadda ta hito daga bakina, kada ta sa mata suga. Indo ƙawata ta zo daga Garhanga a duba mata ido, yau kwananta shidda wurinmu. Ta ce mutanen gida duk lahiya, kawunka Yaƙubu ya samu sauƙin tarin nan, an hwara ganin hadari ta gabas kuma kowa na kai taki gona.

Kahin in shiga abin da yas sa ni aiko maka, bari in yi godiya, don ban iya cin alheri in shahe baki. Gidan ga da kag gina mini nan Madawa gida na na gaske. Ban taɓa kwana inda ruwa ke hitowa cikin bango ba sai nan. Ga kuma tabulon nan naka, allon gilashin da anka manna kusa da ƙohwar zaure, wanda in an taɓa shi wuta ta kama, a taɓa iska ta taho, a taɓa ruwa su hau tanki, in baƙo ya tsaya waje ka ga huskarshi ciki kamar ya leƙo rijiya. Har saƙon da kuke aiko wa juna, wanda kuke ce ma mel, nan shike sauka, shi yi ƙara kamar ɗan tsako, a taɓa shi wata baturiya ta karanta da Faransanci. Indo da tag gan shi ta ce saura shi iya dama hura. Na yi dariya, amma na ce mata ni da shi gaisuwa kawai muke yi daga nesa.

Ka tuna ranar da mutumin Yamai yaz zo haɗa shi? Ya ce kowa na gida shi ɗora babban yatsa don ƙohwar waje ta san shi ta riƙa buɗe mishi. Walid ya ɗora, ta karɓa. Hafsa ta ɗora, ta karɓa. Ni na ɗora ya kai sau goma, ya goge mini yatsan da tsumma, ya hura mishi iska, ya sake, abin ya ƙiya. Daga baya ya duba hannuna ya yi dariya, ya ce Inna ba ta da zane ko ɗaya, yatsanta sumul kamar bayan ludayi. Tun ran nan wata bakwai ke nan, in zan je gaisuwar mutuwa ko barkar haihuwa sai na jira wani ya buɗe mini kamar akuya. Ban taɓa kai maka kuka ba. Na ce yaro ya yi don tsaro na, in haƙura.

To ranar Litinin da hantsi, Walid ya tahi Tawa wajen aikinshi, muna zamne tsakar gida ni da Indo muna tsintar wake, Hafsa na wanki, sai abin ya yi kukan nan nashi. Hafsa ta ɗauka saƙon lakkol na, wato makaranta, hannunta duk kumfa, sai ta taɓa shi da gwiwar hannu don baturiyar ta karanta mata, ta koma bakin bahonta. Ni ban jin Faransanci, ka sani. Amma ina jin sunan garinmu ko a bakin wa ya hito. Na ji ta ce Garhanga. Na aje waken. Can na ji ta ce Hwakon Cima, ta murɗe shi kamar mai tauna ƙashi, amma gonata ta, sunana na a kanta. Ta hwaɗe shi sau ukku. Na duba Hafsa na ga ta bar wanki ta tsaya kamar an dasa ta, ruwa na ɗiga daga hannunta. Na tambaye ta mi bangon ke cewa kan gonata. Ta ce ba komi, Inna, zancen maza na. Na ce mata ta dubi Allah, ta dubi hurhurata, ta sa a sake karantawa ta hwaɗa mini baƙi da baƙi. Yarinyar nan tana kuka ta hwaɗa. Kada ka ga laihinta, kada kuma in ji an ɗaga mata murya kan wanga zance. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ba ita ta rubuta ba.

Ga abin da nij ji ka rubuto ma ƙanenka, in akwai ƙari ko ragi ka gyara mini. Ka ce akwai wani mai kamiyo, babbar motar kaya, da ke son hwakona, ba don noma ba, don shi kwashe duwatsun shi niƙa su tsakuwar gini. Ka ce kun gama magana, saura yatsana bisa takarda a meri, ohishin magajin gari. Ka ce kada a hwaɗa mini, don in na ji ba ni yarda. A kawo mini takardar a ce ta tahiya Makka ta, in dangwala, tunda da abin da anka samu za ka biya mini kujera. Ka ce tsohuwa ta samu wuri mai sanyi ta zamna, ba ta sake komawa tudu, kuma ko ta so ba ta iya hita sai an buɗe mata. Wagga ta ƙarshe ita ta hi yi mini zahi. Ashe ka sani.

Bari in ba ka labarin duwatsun nan, don ina ga ka manta, ko kuwa ba ka da wayo sa'ad da anka yi. Bayan babbar yunwa, maza duk sun watse, wasu Abija wasu Libiya. Babanka Illa, Allah shi jiƙanshi, ya tahi bidar kuɗi shekara biyar ba labari. Hwakon nan tun kakanninku an bar shi, ƙasa ta yi tauri kamar kasko, in anka yi ruwa sai su gudu su sauka kwari, ko tsiron da akuya za ta lasa babu. Sai purje, masu aikin raya karkara, sunka zo sunka ce a tsara duwatsu layi layi don su tare ruwa, a ba mu abinci ladan aiki. Mata munka yi shi. Mu da Indo da marigayiya Amira da sauran da ƙasa ta ruhe. Tun asuba muke hawa, dutsi bisa kai, kai kana goye bayana. Wani dutsin sai mutum biyu sun ɗora maka. In rana ta take sai in kwance zanena in yi maka inuwa jikin layin da munka gama, in koma. Hannu ya tsage, ya warke, ya sake tsagewa, har ya bar tsagewa. Shekara huɗu muna haka. Bayan nan na gina tassa da hannuna, ramu ɗaya bayan ɗaya, ina zuba takin da nit tara cikin ƙwarya. Da babanka yad dawo ya ga hatsi tsaye inda ya bar hwako, sai ya kai ni gaban maigari da shaidu ya ce wagga gona ta Cima ta, ko bayan ranshi. Hurar da kas sha ka je lakkol har ka zama abin da kaz zama, daga nan ta hito. Zanen yatsan da mutumin Yamai ya nema bai samu ba yana can jikin duwatsun nan. Su sunka cinye shi.

Kuma ba ni kaɗai ba ta. Layina na sama shi ke tare ruwa ga gonar Yaƙubu da ta Indo da ke ƙasa. In an kwashe nawa, ruwan hwarko za su sauko da ƙarhi su yanke nasu. Indo tana zamne tana ji da kunnenta sa'ad da bangonka ke sayar da mu. Ta ce mini in na dangwala, ta yahe mini, amma in na mutu ba ta zuwa wankana. Na ce mata ta aje soso, ba ta rasa aikin ba.

Na san abin da za ka ce, don ni na haihe ka. Za ka ce bara na hwaɗi bisa tudu na kwana ukku ban taka ba, kana can hankalinka tashe. Za ka ce abin da gonar ke bayarwa bai kai abin da kake aikowa wata guda ba. Gaskiya na, ban musa ba. Kuma Makka ina so, Allah ya sani ina so, duk sallah sai na roƙa. Amma ban zuwa ɗakin Allah da guzurin da anka yaudare ni anka samu, in je ina jifan shaiɗan da tsakuwa alhali an niƙe tawa a gida. In Allah ya kira ni zan je, ko ta hannunka ko ta wani. Da ka ɗauki tarho ka ce Inna ga abin da nike gani, da mun yi gardama irin ta ɗa da uwa, in ƙiya, ka yi hushi, mu shirya. Sai ka zaɓi ka bi ta bayana, kai da ƙanenka, kamar masu shawarar yanka tsohuwar saniya.

Jiya Walid ya dawo. Ban bari ya sha ruwa ba, na tsai da shi gaban tabulon na ce shi karanta mini da Hausa da bakinshi. Ya karanta rabi ya tsaya. Ya ce shi dama bai so ba, amma ba shi iya musa ma yayanshi. Na tambaye shi uwa da yaya wa ya riga wani, ya sunkuyar da kai. Takardar tana cikin jakarshi, ya hiddo ta da kanshi ya miƙo mini. Ban yaga ba, ban ƙona ba. Na naɗe goron da zan kai ma maigari a ciki, don in na isa shi ma a karanta mishi, shi san ba da yawuna ba. Sannan na ce ma Walid gobe Alhamis da sahe shi zai ɗora yatsanshi shi buɗe mini ƙohwar nan, shi ɗauki kayana shi kai mu tasha ni da Indo mu bi motar Buza mu koma Garhanga. In kuma ya ƙiya, akwai turmi akwai tsani, kuma matar da ta hau tudun Garhanga da dutsi bisa kai ba katangar siminti za ta tsai da ta ba. Sai dai mutanen unguwa su ga uwarku bisa bango, kunyar taku ta. Ya ce zai buɗe.

Ban yi hushi da gidan ba, kada ka ɗauka haka. Bayan an yi girbi an ɗaure damma, in Allah ya kai mu, zan dawo in sha iskar da kas saya mini. Amma da sharaɗi: a sa ma ƙohwar nan makulli na ƙarhe irin na mutane, a ba ni ɗiyan makullin in ɗaure bakin zanena. Ban sake zama inda sai an ba ni izinin hita. Irin shukata yana rumbu wajen Yaƙubu, kuma ruwan hwarko ba su jiran kowa.

Yanzu saura magana guda. Kai na ɗan hwari, shekara arba'in da wani abu ban taɓa kiran sunanka ba, ko gaban mutane ko ni kaɗai. Sai in ce wancan, ko yaron nan, ko na Faransa. Kunya ta, haka munka iske iyaye na yi. Hafsa ta ɗaga bik tana dubana, na ce ta rubuta. Abdurrahman. Da kai nike, don kada ka ce da wani ake. Yatsan da bangonka ya ƙi sani, takardarka ma ba ta ganin shi. Ran da anka binne ni, gonar taku ta kai da ƙanenka, ku yi abin da za ku iya hwaɗa ma Allah. Kahin nan ko dutsi guda ba shi sauka daga tudun nan.

Ka gaishe mini da matarka da kyau, ka ce na gode da man gwiwar da ta aiko, yana aiki. Ka shahwa mini kan jikata Nasiba da ƙanenta Almu, ka riƙa yi musu Hausa kada su zo su tsaya suna kallona kamar baturiyar bango. Indo na gaishe ka, ta ce gaisuwar rabi ta, sauran sai ta ga halinka. Walid da Hafsa na gaisuwa. Na ce ma Hafsa ta aika maka wagga ta hanyar da taka ta biyo, don in kana da bango can shi ma shi karanta maka da ƙarhi. In za ka ba ni amsa kada ka rubuto ma gilashi, ba shi iske ni. Ka kira tarhon Yaƙubu bayan la'asar, a kawo mini shi gona. Allah shi yi maka albarka, shi shirya mini kai.

Ni ta mahaihiyarka,
Cima ta Garhanga
da hannun Hafsa