Tambarin Shagon Caca a Ƙirjin 'Ya'yanmu

Daga: Mai ɗinki, shago na huɗu, layin bayan makaranta
Zuwa ga: Mai Girma Sakataren Ilimi
Litinin, 9 ga Maris, 2026

Ranka ya daɗe,

GAME DA: Karɓar tallafin shagon cacar ƙwallo don gasar tsere ta gidauniyar makarantar firamare

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni uwa ce ga ɗaliba 'yar aji biyar, kuma ni nake ɗinka wa makarantar riguna. Ga kokena:

1. Ranar Asabar, 21 ga Fabrairu, kwamitin iyaye ya zauna zaɓen wanda zai tallafa wa gasar da za a yi don gyara rufin azuzuwa. An sa zaman da ƙarfe goma na safe, lokacin da yawancinmu iyaye mata muke bakin sana'a. Mutum bakwai suka ɗaga hannu, shi ke nan, wai an gama.

2. Al'adar kwamitin ita ce duk wanda ya sayi rigunan tsere, tambarinsa ake liƙawa a ƙirji. Mai gidan burodi ya nema, mai kantin littattafai ma ya nema. Aka tsallake su, wai yadin mai shagon caca ya fi kauri.

3. Na kai kuka wurin shugaban makaranta ranar 26 ga Fabrairu, ya tura ni ga shugaban kwamiti, shi kuma ya maido ni. Sau uku ina rufe shago ina wannan zirga-zirga.

4. Ranka ya daɗe, ba na son tona asirin gidana, amma ya zama dole. Maigidana ya yi shekara biyu yana caca a wannan shagon. Yau watansa bakwai da dainawa, har zagaye yake yi don kada ya bi ta ƙofarsu. Yanzu an kawo mini tambarinsu sittin a buhu in ɗinka, kuma 'yarsa za ta sa ɗaya ta yi gudu a gabansa ranar 14 ga wata. Barci ya gagare ni, keken ma na kasa takawa.

Don haka ina roƙon a dakatar da wannan tallafi kafin Alhamis, a sake zama da yamma, a kuma rubuta ƙa'idar irin sana'ar da ta dace da rigar yaro.

Don Allah a hanzarta. Jiya maigidana ya tambaye ni abin da ke cikin buhun da na tura bayan kabad, na ce masa ƙyallaye ne. Shekararmu goma sha huɗu da aure, ban taɓa yi masa ƙarya ba sai jiya.

Ina jiran amsarka cikin ladabi. Allah ya ƙara girma.

Taka mai biyayya,
Maman Auta, mai ɗinki